Gadon tausa na Earthlite Harmony DX: me yake yi wa hannun mai tausa?

Idan ana tallan gadon tausa, maganar duk ta wanda zai kwanta ce: laushin soso, santsin fata, wurin sa fuska. Ba a cika tuna wanda zai tsaya a kan gadon awa biyar ko shida a rana ba, alhali jikinsa ne ke biyan bashin duk kuskuren da aka yi wajen zaɓe. Wanda aka yi wa tausa minti sittin ne ya tashi ya kama gabansa. Mai tausa kuwa gobe ma da wannan babban yatsan da wannan wuyan hannun zai dawo aiki. Saboda haka ma'auni ɗaya aka ɗora Harmony DX a kai a nan, wato gadon nan mai naɗewa na kamfanin Earthlite da ke Kalifoniya a Amurka: yana rage wa mai sana'a ciwon da maimaita motsi ɗaya ke jawowa, ko kuwa?

Gadon yana da tsawon inci 73, kusan santimita 185, ban da matashin fuska da ake soka masa a ƙarshe. Faɗinsa inci 30, wato santimita 76. Ana iya ɗaga shi ko sauke shi tsakanin inci 23 da inci 33 daga ƙasa, kimanin santimita 58 zuwa 84. Ƙafafunsa na katakon mepul ne, wani icce mai tauri na Arewacin Amurka, an ɗaure su da igiyoyin ƙarfe daga ƙasa. Kaurin sosonsa inci biyu da rabi, an lulluɓe shi da fatar roba. Nauyinsa wajen kilo 15, kuma kamfanin ya ce yana ɗaukar fam 600, kusan kilo 272, a lokacin aiki. Yana zuwa da jakarsa da matashin fuska mai lanƙwasuwa.

A cikin waɗannan lambobi duka, wadda ta fi shafar lafiyar mai tausa ita ce tazarar inci goma da ke tsakanin 23 da 33.

Tsayin gado

Ƙarfin tausa ta wuri biyu yake fitowa. Ko dai daga tsokar hannu da kafaɗa, ko daga nauyin jiki da mutum ya jingina a kan wanda ke kwance. Na farkon yana ƙarewa, yana kuma cin gaɓoɓi. Na biyun kyauta ne, amma ba ya samuwa sai jikin da ake tausawa yana ƙasa da ƙugun mai tausa sosai, yadda zai iya miƙe hannu ya karkata gaba ya bar nauyinsa ya sauka. Da gado ya yi tsayi, kafaɗa sai ta hau sama ta nufi kunne, gwiwar hannu ta buɗe gefe, wuyan hannu ya karye baya, aikin ya koma kan 'yan ƙananan tsokokin yatsu waɗanda ba a halicce su don shi ba. Idan kuma ya yi ƙasa da yawa, ƙugu ne zai lanƙwashe, a tashi da ciwon baya da na wuya.

Hanyar awo mai sauƙi ce. A tsaya a gefen gadon da takalmin da ake aiki da shi, a saki hannu ya sauka, a dunƙule shi. Inda gaɓoɓin dunƙulen suka tsaya, nan saman gadon ya kamata ya kasance. Mai tsawon santimita 170 zai samu kansa a wajen inci 29. Mai santimita 160 a wajen inci 27. Wannan mafari ne kawai, don ba gadon ake tausawa ba, mutumin da ke kansa ne, kuma kaurin mutum yana ƙara santimita 20 ko fiye a kan tsayin gadon. Idan ƙato ne mai ƙiba, ko ɗan wasa mai cikar tsoka da ke son a danna da ƙarfi, a sauke gadon da inci biyu ko uku. Idan mai juna biyu ce da za ta kwanta a gefe ɗaya, a ƙara saukewa, domin kwankwaso da kafaɗa sun fi baya tashi sama. Aikin fuska da kai da tafin ƙafa kuwa a zaune ya fi, kuma yana son gado ya ɗan ɗaga.

A nan Harmony DX ya yi abin a yaba. Inci 23 ƙasa ne ƙwarai, har mace gajeruwa za ta samu damar jingina nauyinta a kan namiji mai jiki, abin da ba ya yiwuwa a gadajen da ƙafarsu a kafe take. Wanda ke shakkar bambancin, ya ɗora sikelin awon nauyi a kan gadon, ya danna shi da ƙarfin hannu kawai ya duba lambar, sannan ya sauke gadon inci uku, ya ja ƙafa ɗaya baya, ya miƙe hannu ya jingina. Lambar za ta kai ta farko ko ta wuce, kafaɗa kuma ba ta san an yi ba.

Sai dai a nan ne kuma babban rauninsa yake. Ba a canja tsayin sai an kwantar da gadon a gefe, an kwance marikin kowace ƙafa, an zare shi daga rami an mayar a wani, an ɗaure, har ƙafa huɗu. Minti biyu ne zuwa uku ga wanda ya saba. Ba wani abu ba ne a baki, amma a ranar da mutane ke jira a layi, kusan kowa barin gadon yake yadda ya same shi da safe, ya tausa siriri da ƙato a tsayi ɗaya. Tazarar inci goman nan sai ta zama ado. Kuma da zarar mutum ya hau, magana ta ƙare: in aka gano tsayin bai yi ba, haka za a ƙarasa awar, ko da ya juya daga rub da ciki zuwa gefe. Dabarar da ke taimakawa ita ce a sa wa ramuka alama da alƙalamin maka a dukkan ƙafafu huɗu, ɗaya ta aikin yau da kullum, ɗaya ta aiki mai ƙarfi, don kada a tsaya ƙirga rami. Alamar tana kuma hana kuskuren da aka fi yi, wato barin ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo da rami ɗaya. Gadon da ke rawa yana sa mai tausa ya ɗaure kafaɗarsa ba tare da ya sani ba, kuma yana cinye ramukan katakon a hankali.

Babban yatsa

Dalilin da ya sa ake ta nanata maganar tsayi shi ne babban yatsa. A 1977 Cooney da Chao na asibitin Mayo da ke Amurka sun lissafa cewa idan mutum ya matse abu tsakanin babban yatsa da manuniya da ƙarfin kilo 1, gaɓar da ke gindin babban yatsan tana ɗaukar matsin kusan kilo 12. To, a ƙiyasta mai tausa da ke murza wuya da kafaɗun mutum biyar a rana da yatsun nan biyu. Gaɓar gindin yatsa tana lalacewa, ko kuma jijiyoyi biyu da ke bi ta gefen wuyan hannu suna ɗaga babban yatsa su kumbura a cikin kubensu, ciwon da likitan tiyatar nan na Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana a 1895, har yau kuma da sunansa ake kiran sa. Ga kuma matsewar jijiyar ji da ke ratsa wata 'yar ƙaramar kafa a wuyan hannu tare da jijiyoyin tsoka guda tara. Duk lokacin da wuyan hannu ya karye baya ana kuma dannawa, matsin da ke cikin kafar yana ƙaruwa.

Maganin da masu sana'a suka sani shi ne a mayar da aiki mai nauyi kan sangalin hannu, gwiwar hannu da dunƙule mai sassauci, a bar babban yatsa ya zama na lalube, ya nemo inda tsoka ta cure, sannan wani ya karɓi dannawar. Amma sangalin hannu ba ya aiki a gado mai tsayi. Sai kafaɗa tana saman wurin da ake dannawa kai tsaye, wanda ke nufin gadon ya sauka ƙasa da yadda aikin tafin hannu ke buƙata. Wannan gado yana ba da wannan dama, kuma ƙafafunsa ba sa motsi idan an jingina, muddin marikan suna ɗaure. Idan dole sai an yi amfani da babban yatsa, a ajiye shi a layi ɗaya da sangalin hannu, a tallafe shi da sauran yatsu ko da ɗaya hannun, kada a bar shi ya lanƙwashe baya shi kaɗai.

Soson ma yana da hannu a wannan. Inci biyu da rabi ba shi da kaurin da wasu gadajen alfarma ke da shi, kuma wanda ya kwanta zai iya cewa bai kai katifarsa laushi ba. Ga mai tausa alheri ne. Katifa mai laushi shanye ƙarfi take: a danna, mutum ya nutse, sai an ƙara dannawa kafin tsoka ta ji. Shi ya sa tausa a kan gadon barci, wadda masu zuwa gida-gida ke yawan yarda su yi, ta fi kowace cin hannu da baya, ga laushi ga faɗi ga rashin tsayi daidai. Tausa a ƙasa kan tabarma ko siririyar katifa ba laifi ba ce a kanta, don haka ake yin ta gargajiyar Tailan da ta Japan, kuma nauyin jiki yana sauka da kyau. Gwiwa da wuyan hannu ne ke shan wahala idan mutum bai koyi zaman ba.

Faɗin inci 30

Wannan faɗi daɗi ne ga wanda ke kwance, musamman mai faɗin kafaɗa, don hannuwansa ba sa zubowa. Ga mai tausa gajere kuwa yana da matsala. Tsakiyar bayan mutum tana santimita 38 daga bakin gadon, kuma duk aikin da ya tsallaka tsakiyar yana sa a miƙa hannu nesa da jiki, ƙugu ya lanƙwashe, kafaɗa ta ɗauki nauyi a wurin da ta fi rauni. Wanda bai kai santimita 160 ba zai fi jin daɗin gado mai inci 28. In kuwa wannan ɗin ne a hannu, doka biyu ce: kada a taɓa tausa ɓangaren da ke can nesa, a zagaya a same shi, sannan a ce wa mutum ya matso bakin gado idan za a yi ƙafa ko hannu. Ba wanda zai ji haushin wannan.

Zagayawar tana buƙatar fili. A bar aƙalla santimita 90 a kowane gefe, don a samu inda za a ja ƙafa baya. Ma'ana ɗakin ya kai kusan mita biyu da rabi a faɗi, mita huɗu a tsawo idan aka haɗa da matashin fuska. Wanda ya manna gadon da bango ya kashe rabin amfaninsa. A lura da daɓen tayil kuma: ɗigon man zaitun ko na kwakwa guda ɗaya ya isa ya sa ƙafar baya ta zame, kuma mutumin da ke tsoron zamewa ba zai saki nauyinsa ba. Takalmi mai ƙasan roba ya fi silifas.

Kafin a biya kuɗi a duba allon da ke haɗa ƙafafu biyu na ƙarshen gadon. Idan ƙasansa a buɗe yake, gwiwa tana shiga ƙarƙashi lokacin da aka zauna aikin kai ko tafin ƙafa. Idan a rufe yake, sai an zauna nesa an miƙa hannu. Kujera mai taya da ake ɗagawa ba ta cikin kayan da ke zuwa da gadon, amma ya kamata a lissafa ta cikin kuɗin saye.

Ɗaukar sa

Kilo 15 ba nauyi ba ne a takarda. A jaka mai faɗin santimita 76 da tsawon fiye da 90, rataye a kafaɗa ɗaya, ana hawa bene da ita, labari ya sha bamban. Mai zuwa gidajen mutane sau uku a rana zai iya samun ciwon kafaɗa daga jakar kafin ya same shi daga tausar. A rataya igiyar ta ratsa ƙirji, a riƙe hannun jakar da ɗaya hannun don nauyin ya rabu, a riƙa sauya kafaɗa, kuma a durƙusa da gwiwa wajen ɗagawa daga ƙasa ko daga but ɗin mota. Ƙaramin keken jan kaya mai taya biyu ya fi duk waɗannan dabaru. A bayan babur kam kada ma a gwada. Akwai gadaje masu ƙafar alminiyam da suka fi shi sauƙi, ga wanda yawo ne rabin aikinsa.

Yanayinmu ma sai an yi la'akari da shi. Fatar roba ba ta jure zafi: barin gadon a but ɗin mota da rana a watan Afrilu yana busar da ita, ta fara tsagewa ta ɓare. Man da aka bari ya kwana a kanta da sinadarin goge-goge mai ƙarfi su ma haka. A shimfiɗa zanin gado kullum, a goge da ruwa mai ɗan sabulu, a tsane da tsumma busasshe. Da hunturu katako yana bushewa ya ɗan motse, marikan ƙafa su saki, don haka a bi su a ɗaure kowane mako. Ƙarar da gado ke yi idan an danna yawanci daga nan take. Garantin kamfani kuma ba abin dogaro ba ne sosai ga wanda ke Kano ko Maraɗi, tun da kuɗin mayar da kayan Amurka ya isa ya hana.

Maganar kilo 272 tana buƙatar bayani, don masu sayarwa suna rikita mutane da ita. Wannan nauyin aiki ne, wato nauyin mutum haɗe da ƙarfin da ake danna shi da shi da motsin juyawarsa. Wasu gadaje masu araha suna rubuta wata babbar lamba, wadda ta nauyin da aka shimfiɗa ne a hankali ba motsi. Ba ɗaya suke ba, kuma ta farkon ce ke gaya wa mai tausa ko zai iya jingina da zuciya ɗaya.

Abin da gado ba zai yi ba

Ko an daidaita tsayi kamar da ma'aunin tela, jijiya tana buƙatar hutu. Shawararmu ita ce kada aikin hannu ya wuce awa huɗu zuwa biyar a rana, a bar minti 15 tsakanin mutum da mutum, kuma kada a jera masu son dannawa mai ƙarfi uku a bayan juna. Cikin minti goma sha biyar ɗin ne ake canja tsayin gadon, a sha ruwa, a saki kafaɗa. Sabon shiga ya fara da mutum biyu a rana ya riƙa ƙarawa a cikin makonni, domin jijiya ba ta saurin ƙarfafa kamar tsoka. Danna waya da babban yatsa a lokacin hutu ba hutu ba ne.

Alamomin da ba a wasa da su: babban yatsa da manuniya da na tsakiya su riƙa mutuwa ko a ji kamar ana tsikara da allura, musamman da dare har ya ta da mutum daga barci, zafi a gefen wuyan hannu ta wajen babban yatsa idan an murɗe tsumma ko an ɗauki buta, zafi a ƙashin waje na gwiwar hannu idan an riƙe kofi, abu ya riƙa suɓucewa daga hannu. Ana iya gwaji a gida. A haɗa bayan hannaye biyu a gaban ƙirji, yatsu na kallon ƙasa, na minti ɗaya. In yatsun suka mutu, mai yiwuwa jijiyar ji ce ta matse. Ko a sa babban yatsa cikin tafi a rufe da sauran, a karkata hannun a hankali ta wajen ƙaramin yatsa; zafi mai kaifi a gindin babban yatsa yana iya zama alamar ciwon De Quervain. Gwajin gida ba ya maye gurbin likita. Abin da ya wuce mako biyu, a je sashen gashin ƙashi ko asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. Shan maganin kashe zafi a ci gaba da aiki shi ne hanyar da ƙaramin kumburi ke bi ya kai mutum ɗakin tiyata.

Wa ya dace ya saya

Ga mai fara sana'a, ko mai haɗa aikin shago da zuwa gida, ko mai kula da 'yan ƙwallo da ke bin ƙungiya filin wasa, Harmony DX zaɓi ne mai kyau, da sharaɗin zai riƙa kwance ƙafafun nan yana ɗaurewa. Ga wanda ke wuri ɗaya yana karɓar mutum biyar ko shida kullum, gado mai naɗewa kowane iri ne bai kai wanda ake ɗagawa da taka feda ba, don shi ana sauya tsayinsa mutum yana kwance. Mai lantarki ya ninka wannan tsada sau da yawa, kuma idan aka ɗauke wuta yana tsayawa inda yake. Mai famfon ƙafa da ba ya buƙatar wuta ya fi dacewa da inda wutar ba ta da tabbas.

Wanda ya samu na gwanjo ya buɗe shi gaba ɗaya kafin ciniki. Ya duba doguwar fatar ƙarfen da ke haɗa rabi biyun a tsakiya ko sukurorinta sun saki, ya ja igiyoyin ƙarfen ya ga ko wata ta fara warwarewa, ya leƙa ramukan ƙafa ko sun buɗe sun zama kamar ƙwai, ya danna soson da dunƙule a tsakiyar kowane rabi. In ya ji katako a ƙarƙashin hannunsa, soson ya mutu, kuma sai an cire kuɗin mai gyaran kujeru daga farashin.